Edge a Haven, a Vikings ko a Percy Jackson: wanne za ka ba datarka?

Ƙanena ne ya taso da maganar wata ranar Juma'a da daddare, muna zaune a ƙofar gida bayan an ɗauke wuta. Ya ci karo da wani guntun bidiyo a waya, Edge, shahararren ɗan kokawar nan, a kan ƙaton babur sanye da baƙar rigar fata yana zare wa wasu yara ido, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, ashe mutumin naka har fim yake yi? Wanne zan fara nema?" Na ce masa manyan guda uku ne, dukansu masu dogon zango. Ya ce shi datar wata ɗaya gare shi kuma ba zai kasa ta uku ba, in zaɓar masa ɗaya kawai. A daren ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Sunan Edge na yanka Adam Copeland, mutumin garin Orangeville ne a lardin Ontario na Kanada, an haife shi a 1973. Ya fara fitowa a matsayin Edge a 1998, lokacin ana ce wa kamfanin kokawar da yake wa aiki WWF, kuma sau 11 yana ɗaukar kambun duniya. Duk wanda ya yi zaman gidan kallo a shekarun nan ya san ranar da ya taso daga kan tsani ya soke Jeff Hardy da kafaɗa a sararin sama a babbar gasar WrestleMania ta 2001. A watan Afrilun 2011, kwana 8 bayan ya kare kambunsa a hannun Alberto Del Rio, ya fito gaban jama'a ya ce likitoci sun hana shi kokawa. Hanyar laka ta tsuke a wuyansa, faɗuwa ɗaya marar kyau tana iya shanye masa jiki. Shekarunsa 37 a lokacin. Sai da ya kusa shekara 9 a waje kafin ya dawo a gasar Royal Rumble ta Janairun 2020, kuma a Oktoban 2023 ya koma wani kamfanin kokawa, AEW, da sunansa na gaskiya. Wannan tarihin yana da amfani wajen zaɓin, domin Haven ya yi shi ne yana sabon rabuwa da sana'ar da ya sani, Vikings ya yi shi bayan hannunsa ya faɗa, Percy Jackson kuma bayan ya koma dandali.

Bari in fara da wanda ƙanena ya gani a waya, don shi ne mafi arha. Percy Jackson and the Olympians ya fara fita a Disney+ a watan Disamban 2023, zangon farko kashi 8 ne kacal, kana iya cinye shi a yini ɗaya. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 12 da ya gano cewa mahaifinsa Poseidon ne, gunkin teku na tsoffin Girkawa, aka kuma ɗora masa satar sandar aradun Zeus. Shi da abokansa biyu, Annabeth da Grover, suka ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma neman sandar kafin yaƙi ya ɓarke. Copeland baƙo ne a ciki. Ya fito a matsayin Ares, gunkin yaƙi, a kashi na 5, ya ɗan leƙo a na 7, sai kuma na 8.

Kashi na 5 shi ne nasa. Ya tsinci yaran a bakin titi sun galabaita, ya kai su gidan abinci, ya cika tebur da burodi da nama, yana ci yana danna waya, wai faɗa yake haddasawa tsakanin mutane a Twitter yana dariya. Daga nan ya aiki Percy da Annabeth su ɗauko masa garkuwarsa a wani tsohon wurin wasan ruwa, ya riƙe Grover jingina. Zaman da suka yi su biyu da Grover shi ne abin da na fi so a zangon gaba ɗaya. Yaron ya gane mutumin nan mayen yabo ne, sai ya shiga kambama shi yana lissafo masa yaƙe-yaƙe, yana taya shi ƙorafi kan 'yar uwarsa Athena, har bakinsa ya suɓuce ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ka kalli fuskar Copeland a wurin: daga raini ta koma jin daɗi, daga jin daɗi ta koma zargi, duk cikin 'yan mintuna kuma yana zaune a kujera bai ɗaga hannu ba. Wannan shi ne Edge ɗin Janairun 2006, wanda ya jira John Cena ya fito daga keji jina-jina sannan ya taho da jakarsa mai takardar damar neman kambu ya karɓe kambun yana murmushi. Mugu mai jin kansa, mai sa ka ƙi shi kana dariya. Aikin ya kai har an sa sunansa cikin masu takarar lambar Emmy ta shirye-shiryen yara da iyali.

Sai dai ɗanɗano ne. In ka haɗa duk mintunan da ya fito a zangon ba su cika kashi ɗaya ba. Faɗan da ake ta ɗokin gani, shi da Percy a bakin teku a kashi na 8, gajere ne ƙwarai. Ya wurgar da yaron sau biyu ko uku, igiyar ruwa ta taso, aka yanke shi a ƙafa, jini mai ruwan zinari ya fito, shi ke nan. Mai neman dambe zai tashi da yunwa. Kuma fim ɗin na yara ne tun daga tushe, yaran su ne jarumai, shi ado ne aka ɗora.

Vikings wata duniya ce daban. Tashar History ta fara nuna shi a 2013 aka kammala a 2020, zango 6, kashi 89, Michael Hirst ne ya rubuta, yawancin ɗaukar kuma a ƙasar Ailan aka yi. Asalinsa labarin tarihi ne na mayaƙan arewacin Turai a ƙarni na 9, amma an cakuɗa shi da mafarkai, boka mai duba da gumakansu irin su Odin da Thor, ta yadda wani lokaci ba ka rabe abin da ya faru da abin da mutum ya gani a ransa. Matsalar mai neman Edge a nan a fili take: ba ya fitowa sai zango na 5, wanda ya fara a ƙarshen 2017. Kashi 49 ne a gabansa. Kana iya tsallakewa ka faɗa zango na 5 kai tsaye, amma za ka yi asara, domin labarinsa rataye yake a wuyan Floki, maƙerin jiragen ruwa, kuma in ba ka san Floki ba rabin nauyin abin ya zube. Floki ɗin nan ne a zango na 4, da suka kai hari garin Aljasiras a kudancin Sifen, ya shiga masallaci ya tarar ana salla, abin ya kama shi, ya tsaya ya hana abokan tafiyarsa ci gaba da kisa a ciki. Mutum ne mai neman wani abu mai tsarki a duniyar da babu komai sai gatari, kuma irin wannan neman ne ya sa ya kwashi mutane ya kai su tsibirin Aislan don su kafa gari marar gaba da ramuwa.

Copeland shi ne Kjetill Flatnose, ɗaya daga cikin magidantan da suka bi shi da iyalansu. Zan ɗan buɗe labarin, wanda ba ya so ya tsallake wannan sakin layi. Da farko Kjetill shi ne mutumin kirki na ayarin, mai haƙuri, hannun daman Floki, wanda ke danne zuciya duk lokacin da wani magidanci mai suna Eyvind ya tayar da husuma. Ƙasar ba ta noma, sanyi na kisa, abinci ya yi ƙaranci, gaba ta shiga tsakanin gidajen biyu. Aka kashe ɗan Eyvind, aka kashe ɗan Kjetill, aka kashe 'yarsa tana ɗauke da ciki. Ya shanye, ko kuma mu muka ɗauka ya shanye. Da aka kori gidan Eyvind daga gari, labari ya zo cewa suna can suna mutuwa da yunwa da cuta, shi ne ya ce a je a ceto su. Suka ratsa ƙanƙara, suka isa, ya ba su abinci, sannan ya zare makami ya karkashe su Floki na kallo an riƙe shi. Na kalli wurin nan ni kaɗai da tsakar dare, sai da na dakatar da fim ɗin na tashi na sha ruwa. Abin da ya girgiza ni shi ne babu ihu irin na dandali, babu zare ido. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai lissafin bashi. A zango na 6 kuma, bayan sun bi Ubbe, ɗan Ragnar jarumin farko na fim ɗin, sun faɗa Girinlan, wani ƙaton kifi ya mutu a gaɓar da ta faɗo cikin rabonsa, ya hana kowa ci, aka yi ta zubar da jini a kan nama, aka watse aka bar shi a kan gawar kifin yana kiran kansa sarki.

In ana maganar iya wasan kwaikwayo zalla, nan ne ƙololuwarsa, ban da shakka. Ka manta da Edge gaba ɗaya, gemu ya rufe fuska, tafiyar ma ta canza. Amma kuɗin shiga da yawa. Fim ɗin ya haura awa 60, labarin Aislan kuma reshe ne, ana leƙa shi minti biyar a koma kan rikicin 'ya'yan Ragnar, wani lokaci a yi kashi guda ba a waiwaye shi ba. Mutane da dama da suka bi Vikings don yaƙe-yaƙensa suna ganin wannan reshen jan ƙafa ne, kuma ban ga laifinsu ba, a hankali yake tafiya kamar dahuwar ganda.

Saura Haven, wanda ya fi su tsufa kuma ya fi su rashin suna a wajenmu. Tashar Syfy ta nuna shi daga 2010 zuwa 2015, zango 5, kashi 78. An ɗauko ƙwayar labarin daga wani ɗan littafin Stephen King, aka gina wani ƙaramin garin masunta a jihar Maine ta Amurka, kodayake a Nova Scotia ta Kanada aka yi ɗaukar. A garin akwai wasu gidaje da ke gadon wata irin masifa, kowane gida da tasa, tana kwanciya ta tashi duk bayan shekara 27, kuma baƙin ciki ko firgici ne ke tayar da ita a jikin mutum. Wani in ya yi fushi yanayi ya rikice, wani abin da ya zana ya tabbata. Ɗan sanda Nathan ba ya jin taɓi ko zafi ko sanyi. Audrey Parker, jami'ar FBI da aiki ya kawo ta garin, ita kaɗai ce masifun ba sa kamawa. Kusan kowane kashi da masifarsa: a gano mai ita, a gano abin da ke cin ransa, a lallashe shi ta lafa.

Yadda Copeland ya shiga ma ba ɓoyayye ba ne. A lokacin, tun Oktoban 2010, tashar Syfy ce ke nuna shirin kokawa na SmackDown a daren Juma'a, Haven na biye da ita, don haka kawo ɗan kokawa hanya ce ta riƙe masu kallo kada su canza tasha. Ya shigo a kashi na 4 na zango na 2, a 2011, watanni kaɗan bayan ya ajiye kambu, a matsayin baƙo. Sunansa Dwight Hendrickson, aikinsa share wuri: in masifa ta yi ɓarna, shi ke zuwa ya kwashe shaida, ya shirya labarin da za a ba jama'a, a ce bututun gas ne ya fashe. Tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Afganistan, kuma a can tasa masifar ta tashi. Duk harsashin da aka harba a kusa da shi, ko ina aka saita bindigar, sai ya karkato ya nufo shi. Shi ya sa kullum yana cikin rigar sulke, shi ya sa ya fi son baka da kibiya a kan bindiga. 'Yarsa Lizzie ta gaji abin, kuma harsashi ne ya yi ajalinta tana ƙarama.

Ka tsaya ka duba wannan rawar da kyau. An ɗauko mutum mai tsayi sama da mita 1.9, wanda duniya ta sani da sukar mutane da kafaɗa, aka ba shi matsayin wanda ya fi kowa rauni a duk inda bindiga take. Girman jikinsa bai tsinana masa komai ba. In an zare bindiga a ɗaki, kowa na neman mafaka, shi kuwa ya san ina harsashin zai je. Ni ina ganin wannan ya dace da halin da Copeland yake ciki a lokacin, ƙato mai lafiya a ido wanda aka ce masa faɗuwa ɗaya ta ishe shi, kuma ina jin wannan dacewar a yadda yake taka rawar, ko da gangan ne ko ba da gangan ba. A kashin farko-farko za ka ga ɗan tauri a jikinsa, yana tsayawa kamar mai jiran a buga ƙararrawa, maganarsa gajera. Sannu a hankali ya saki jiki. Masu shirin suka ga abin da suka samu, baƙon kashi kaɗan ya zama ɗan gida: a zango na 4 shi ne shugaban 'yan sandan garin, a na 5 ya karɓi jagorancin ƙungiyar da ke kare masu masifa kuma sunansa ya shiga jerin manyan 'yan wasa. A zangon ƙarshen har amininsa Christian, wanda suka taso tare tun suna yara a Orangeville, ya fito a matsayin tsohon abokin aikinsa na soja. Duk wanda ya san su biyun a dandali zai ji daɗin ganinsu a wuri ɗaya.

Haven na da nasa aibin, ba zan rufe ba. Kuɗin da aka kashe masa bai kama ƙafar na sauran biyun ba, kuma ana gani: wasu dabarun kwamfutar sun tsufa, wasu masifun sun fi kama da abin dariya. Zango na 5 an ja shi har kashi 26, labarin ya bar ƙaramin garin ya shiga wasu duniyoyi da bayanai masu ɗaure kai, har sai ka riƙa kewar sauƙin zangon farko. Shi ma ya haura awa 50. Bambancinsa da Vikings shi ne jiranka gajere ne, kashi 16 kawai, kuma tunda yawancin labaran farko kowane da kansa yake tsaye, kana iya kallon kashi na 1 da na ƙarshen zangon farko ka wuce zango na 2 ba tare da ka ɓata ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi data muhimmanci a gidajenmu: da wa za ka kalla? Vikings ba na falo ba ne. Akwai tsiraici, akwai saduwa a fili, akwai yankan mutane don gumaka da azabtarwa iri-iri. Ko kai kaɗai ne, yatsanka na kan madannin wucewa, kuma ba zan ba yaro ko matashin da bai mallaki hankalinsa ba. Percy Jackson ta wannan fuskar tsaf yake, babu abin kunya, jinin ma kaɗan ne. Nasa abin lurar daban ne: gaba ɗayansa a kan gumakan Girkawa aka gina shi, masu aure da haihuwa da kishi da juna, kuma an yi shi ne don ya burge yara. Da na kalla da nawa, sai da na fara zaunar da su na ce musu wannan tatsuniyar wasu mutane ce da suka shuɗe, kamar yadda muke da Gizo da Ƙoƙi, babu gaskiya a ciki. Ƙaramar ta tambaye ni me ya sa wanda ake ce wa mai iko yake jin tsoron ɗan uwansa, muka yi hira mai daɗi a kai. Uban da ba zai samu lokacin wannan zama ba, gara ya dakata. Haven yana tsakiya. Babu bautar gumaka, akwai gawarwaki da abin tsoro jefi-jefi, akwai soyayya irin ta fina-finan Turawa da wani lokaci sai ka wuce. Da manya da matasa za a iya kallo, ban da ƙanana.

To ga inda na tsaya. Wanda kewar Edge mugu ke damunsa, mai baki da gadara, ya nemi kashi na 5 da na 8 na Percy Jackson, awa ɗaya da 'yan mintuna sun biya masa buƙata, ba sai ya taɓa datar wata ba. Wanda ya riga ya kalli Vikings har zango na 4 ya tsaya, ya koma ya ƙarasa, Kjetill kaɗai ya isa dalili. Amma fara Vikings daga tushe don Edge kawai, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Mai data ɗaya da zaɓi ɗaya, irin ƙanena, Haven nake ba shi. A nan ne mutumin ya fi daɗewa a gaban kyamara, a nan ne aka ba shi rawar da ke da ciwo a ciki, kuma a nan kaɗai za ka ga yadda ɗan kokawa ke zama ɗan wasan kwaikwayo kashi bayan kashi a kan idonka.

Haka na tura wa ƙanena. Bayan kwana huɗu ya kira ni da sassafe, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, wai haka za su bar mutumin nan, kowa ya harba shi yake samu?" Na ce masa ya ci gaba da kallo, yanzu ya shiga zango na 3.